Amanar Sunayen 'Yan Dako: Ga Yayana Abdulƙadir

Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa ake komawa, kowa da ranarsa. Ranar Laraba, 12 ga Afrilu, 2006, cikin watan Mauludi, jim kaɗan bayan sallar la'asar, ranar yayana Abdulƙadir ta zo. Sanƙarau ne ya kwantar da shi kwana biyar a asibiti a Katsina. Ya rasu yana da shekara talatin da tara, ya bar mahaifiyarmu Inna, da matarsa Zulfa, da 'ya'ya biyu, da mu ƙannensa huɗu. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana magatakardan ƙungiyar 'yan dako ta bakin iyaka a Magama, nan Jibiya. Washegari da safe aka yi masa sutura, kuma waɗanda suka ɗauki makararsa mutane ne da ɗaukar kaya ce sana'arsu.

Yaya, ni ce Safiya. Ka san ni da rubutu sai na allon aji, ban yi niyyar rubuta maka komai ba. Abin da ya tayar da ni shi ne maganar da nake ta ji a wurin zaman makoki tun ranar sadakar uku. Sai mutum ya gama addu'a, ya shafa, sannan ya karkata ga na kusa da shi ya ce, Allah sarki, mutumin kirki ne, sai dai ya ƙarar da ƙarfinsa a kan akwatin nan na banza. Da kunnena na ji, har sau uku. Kai da ka ji sai ka yi murmushi ka wuce, don haka Allah ya yi ka. Ni ba haka ya yi ni ba. Zan faɗi abin da ke cikin akwatin nan, da yadda aka yi ya shigo rayuwarka, wanda ya ji haushi ya sha ruwa.

Mafarin abin wani ɗan dako ne da kowa ke kira Dogo. Shekara shida yana sauke kaya daga manyan motocin Maraɗi, waɗanda mutanen can ke ce wa kamyo. Cikin kakar 2003 igiya ta tsinke, buhunan wake suka rufto masa, kafin a janye su rai ya yi halinsa. Aka zo wurinka a matsayinka na magatakarda, a ji wa za a aika wa. Ka buɗe littafinka, abin da ke ciki kalma ɗaya ce: Dogo. Babu sunan yanka, babu na uba, babu gari. Ba laifinka ba ne kai kaɗai. 'Yan ci-ranin da ke tsallakowa ba sa ba da sunansu na gaskiya, suna tsoron kada takarda ta bi su har hannun jami'ai, na wannan ɓangaren ko jandarmomin wancan. Aka yi masa salla, aka rufe shi a maƙabartar Magama, kowa ya koma bakin mota.

Bayan wata huɗu wata tsohuwa mai suna Rabi ta iso ofishinku daga wani ƙauye bayan Madarunfa, da ƙunshin kayanta a ka. Ka ba ni labarin nan ya fi sau goma, har na haddace shi. Ta ce, “Ɗiyana nika biɗa. Ya taho nan ci-rani, damina ta wuce bai komo ba.” Ka ce, “Iya, mi sunanshi?” Sai ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. Ta ce, “Kai ma ka san ba ni iya hwaɗi. Na hwari ne.”

Wani magatakardan da ya daka mata tsawa, ya ce ana neman mutum ana kunya? Kai ba ka yi ba, domin kai ma ɗan fari ne. Tun da aka haife ka Inna ba ta taɓa kama sunanka ba. In tana magana da kai sai ta ce “kai”, in da mu take sai ta ce “yayanku”. Don haka ka zauna a ƙasa kusa da tsohuwar, ka riƙa jero sunaye a hankali, har ka zo kan Lawwali, ta gyaɗa kai. Lawwali tara ne a littafinka. Kwana uku tana zaune a inuwar rumfarku ana kirawo su ɗaya bayan ɗaya, tana ɗaga ido tana mayarwa. A rana ta uku ta ce ɗan nata yana da tabon lauje a bayan hannun hagu. Nan take ka gane, don kai ka zuba ruwa lokacin da ake wa Dogo wanka. Kai ka raka ta maƙabarta, ka nuna mata tudun ƙasar da iska ta riga ta fara bajewa.

Ranar da ka dawo gida ba ka ci tuwo ba. Ka zauna a bakin rijiya kana kallon Inna tana tankaɗe, ka ce da ni ƙasa-ƙasa, “Safiya, da ni ne, haka za ta je ta tsaya.”

Daga nan ka shiga rubuta mutane. Ka fara da manyan littattafai, sai ka ga mutum ɗaya ya shiga sau uku da laƙabi uku, don a wurin masu wake Gajere ne, a wurin masu dabino kuma Na-Gabi. Ka koma yanka kwali kana yi wa kowa kati, gara ta shiga kwalin ta cinye maka mutum tamanin a damina ɗaya. Na yi maka dariya a lokacin, na ce gara ma ta fi ka sanin 'yan dako. Allah ya yafe mini. Sai wani abokinka Faruk, mai shagon kwamfuta a Katsina, ya ce maka abin da kake wahalar yi da hannu yana da suna, rumbun bayanai ake ce masa, kuma ilimi ne mai zaman kansa da ake koyo. Ka sayar da babur ɗinka, ka sayi tsohuwar kwamfuta cikin kayan da ke zuwa daga Kwatano, ka koma hawa keken marigayi Baba daga cikin gari zuwa Magama, safe da yamma. Ahmadu mai walda ya ja maka waya daga janaretansa, Allah ya saka masa.

Yanzu ga inda ba'ar ta samo asali. Na'urar ta zo da babbar manhajarta ta halal, da takardar shaida manne a jikinta, amma babu manhajar rumbun bayanai a ciki. Faruk ya miƙo maka faifai, irin wanda ake kwafa a bayan kanti ba da yardar masu shi ba, ya ce naira ɗari biyu, kuma da shi kowa ke aiki daga Katsina har Kano. Ka juya faifan a hannu, ka tambaye shi ko masu abin sun yafe. Ya yi dariya ya ce masu abin suna can wata duniya, ko sunan Jibiya ba su taɓa ji ba. Ka ajiye masa kayansa. Ka je wurin limamin unguwarmu ka ba shi labari, shi kuwa tambaya ɗaya ya yi maka: mai shi ya yarda? Ka ce a'a. Ya ce to me ka zo tambaya?

Ku tuna fa shekarun da ake ciki. Ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, kowa bakinsa shari'a, mu ma mun yi murna, mun yi kabbara har muryarmu ta dushe. Amma wallahi waɗanda suka fi kowa ɗaga murya a dandali, da yawansu su ne suka fi yi maka dariya a kan faifan nan. A garin da fetur da shinkafa ke bin hanyar daji kullum rana ta Allah, wai ga wani ya ƙi faifan naira ɗari biyu. Suka sa maka suna Alƙalin Faifai. Abin da ka ce da ni shi ne, mutane za su ba ka amanar sunayen iyayensu, ba za ka zuba ta a cikin kayan da ka san na sata ne ba. Ba ka yi wa kowa wa'azi ba, ba ka ce wani ya bi ka ba. Ka dai ƙi, kuma ƙin naka ya fi wa'azin ciwo.

Faruk mutumin kirki ne, da ya ga ba za ka tanƙwaru ba sai ya gaya maka akwai waɗanda masu su suka sake wa duniya kyauta, kowa ya ɗauka, kamar rijiyar da aka haƙa a bakin hanya. Ya ambata maka biyu, MySQL da PostgreSQL. Sau uku kana zuwa shagon intanet a Katsina kafin ka samo su, don biyun farko ana tsakiyar saukewa aka ɗauke wuta. Shawarar Faruk ita ce ka ɗauki ta farko. Ta fi sauƙi, ta fi jama'a, kuma in ka iya ta kana iya samun aiki a Kano ka huta da ƙurar tasha. Ka ce za ka gwada su duka, don kai ba danna maɓalli kake son koya ba, so kake ka san dalilin kowane abu.

Nan na shigo, ba da son raina ba. Ka bugo littafin koyarwar a takarda, tuli guda, da Turanci mai ƙashi. Tunda ni ke koyar da Turanci a makaranta, kullum bayan la'asar sai ka iso da keke, ka shimfiɗa takardu a zauren Inna, ina fassarawa kana rubutawa da jan biro. Na yi mita, na ce ni ba Baturiya ba ce, ka je ka nemi wanda ya rubuta. Ba ka fasa zuwa ba. A haka, ina masifa ina karantawa, na wayi gari na san abin da ake nufi da jadawali, na san dalilin da ya sa ake ware na mutane daban, na ƙauyuka daban, na dangi daban, sannan a ɗaure su da juna. Ka ce mini kamar gida ne, kowa da ɗakinsa amma ƙofa ɗaya ake shiga.

Wata biyu kana gwaji, sannan ka yi wa manhajojin biyu jarrabawar da ba a rubuta a kowane littafi ba. Ka shigar da sunan wata uwa, ka ɗaura ta a kan ɗan dakon da babu shi a rumbun. Ta farkon, wato MySQL, a yadda ta zo a shirye a lokacin, ta karɓa ba ta ce uffan ba. Ta biyun ta ƙi. Ta ce wannan matar uwar wa ce, ba ta san ɗanta ba. Na tuna yadda ka buga cinya ka ce, “Yauwa! Wannan ce malamata, wadda ke iya ce mini a'a.” Ka ce ta farkon ba ta da aibu, ana iya saita ta ita ma ta tsananta, amma mai koyo irinka bai san inda zai saita ba, gara wadda za ta tare shi tun daga bakin ƙofa. Na ce ai dama mai taurin kai sai mai taurin kai. Haka ka zaɓi PostgreSQL, kuma har yau ban iya faɗin sunan nan ba tare da harshena ya sarƙe ba.

Ita ce kuwa ta fara kunyata ka. Da farko ka sa suna ya zama abin da ke bambanta mutum da mutum. Ka shigar da Lawwali na farko lafiya lau, da ka kawo na biyu ta ce ta riga ta san Lawwali. Ka yi fushi, ka ce na'ura za ta koya maka mutanenka? Kwana biyu ba ka kunna ta ba. A na uku ka dawo kana sosa ƙeya, ka ce ita ke da gaskiya, abin da ya zaunar da Iya Rabi kwana uku a rumfa ke nan. Daga ranar kowane ɗan dako ya samu lambarsa da ba ya tarayya da kowa a cikinta. Ka kuma buɗe wuraren rubuta abubuwan da uwa ke iya faɗa ba tare da ta kama suna ba: gari, sunan uba, tabo, wushirya, tsagen fuska, shekarar da ya bar gida. Wannan ba daga littafin Turawa ka samo shi ba.

Saura babban aikin, wato mutane su yarda su faɗi gaskiya. Wata guda kana bin su, suna zillewa. Daga ƙarshe Baba Umaru, wanda ya fi kowa daɗewa a dakon Magama, ya tara su a masallacin tasha bayan la'asar. Ka ɗora hannu a kan Alƙur'ani ka rantse cewa ba za a buɗe sunan kowa ba sai a kan abu uku: mutuwa, ko ciwo, ko ɗan'uwa ya zo nema. Ba don jami'i ba, ba don mai kuɗi ba, ba don shugaban ƙungiya ba. Baba Umaru ya dube ka ya ce, “Malam, hwara rubuta kanka mu gani.” Ka rubuta. Kai ne lamba ta ɗaya, shi ne ta biyu. Ranar da ka kwanta ciwo mutum ɗari shida da goma sha biyu ne a ciki.

Lambar kuwa a kan ɗan guntun gwangwani kake buga ta, su kuma suka riƙa kai wa baduku yana ɗinke musu a fata suna ɗaurawa a damtse, don kada gumi ya ci ta. Ai kuwa sai ga wasu matasa masu wa'azi a tasha sun taso, wai magatakarda yana raba layu, shirka ta shigo bakin iyaka. Ba ka yi musu da su ba. Ka kira Baba Umaru, ka karɓi reza, ka farke tasa a gabansu. Suka leƙa, suka ga lamba biyu kawai. Babbansu ya ce to me take karewa? Ka ce ba ta kare komai, mutuwa in ta zo sai ta ɗauka, abin da take yi kawai shi ne ta gaya mana ƙofar gidan da za mu je mu yi sallama. Don a faɗi gaskiya, bayan mako guda shi ya kawo ƙanensa aka rubuta shi.

Masu cewa akwatin banza, ina kuke a bara, ranar da motar gero ta kife kusa da Daddara da 'yan dako huɗu a samanta? Uku sun ji rauni, ɗaya ya cika nan take, fuskarsa ba ta ganuwa. Direban da ya tsaya a kansu ya farke fatar da ke ɗaure a damtsen mamacin ya karanto maka lamba ta waya. Kafin a gama kiran azahar ka san sunansa, da na ubansa, da ƙauyensu a yankin Gabi, da sunan mai shagon da ake bar wa saƙo a Ɗan Isa. Kafin magariba yana kwance a cikin danginsa, uwarsa ta gan shi, ta yi masa addu'a a kansa. Ina kuke ranar da wani dattijo makaho ya zo daga Mazanya neman ɗansa na fari, ya ce shi dai yaron yana da yatsa shida a hannun dama, cikin minti biyu aka turo masa shi daga bayan motar siminti? Irin wannan na ƙirga goma sha bakwai. Ban ga ɗayanku ya mayar da ɗan kowa gida ba.

Yanzu bari in gaya maka abin da ya faru a bayanka, Yaya, don ka san inda amanarka ta kwana. Ranar sadakar uku, Baba Umaru da mutum huɗu suka ɗauko kwamfutar daga ofis a kan gammo, suka sauke ta a zauren Inna. Suka ce sun ji ƙishin-ƙishin, kuma sun san da kuɗin babur ɗinka aka saye ta. Ranar addu'ar bakwai ƙishin-ƙishin ɗin ya bayyana. Shugaban ƙungiyarku, Alhaji Abbas, ya zo da mutum biyu. Bayan an shafa fatiha ya aiko a kira ni bakin zaure. Ya ce akwai wani babban mutum mai neman kujera a zaɓe mai zuwa, yana son sunayen 'yan dako duka a yi musu katin jam'iyya, kuma ya yi alkawarin gina wa ƙungiya sabon ofis. Ya ji an ce ni kaɗai na san kalmar sirrin buɗe rumbun. In buga masa sunayen a takarda, ko in ba da na'urar a kai Katsina a buɗe.

Ka san fiye da rabin mutanen nan daga tsallake suke. Takarda mai ɗauke da sunan mutum da na ubansa da ƙauyensa a wata ƙasa, a hannun ɗan siyasa, yau katin jam'iyya ce, ranar da aka ɓata kuma ita ce za a miƙa a ce ga baƙin haure. Na gaya wa Alhaji haka, da ladabi iyakar iyawata, wadda ka san ba ta da yawa. Na ce akwai rantsuwa a kan abin nan. Ya ce wanda ya yi rantsuwar ai ya tafi da ita. Nan jinina ya hau. Na ce Alhaji, shi ya tafi, Alƙur'anin da ya dafa yana nan. Ya ce ke mace, malamar makaranta, me ya haɗa ki da harkar tasha? Na ce abin da ya haɗa ni da ita shi ne ni na karanta littafin da ku kuka tsaya yi wa dariya.

Da ya ga ba zai samu kaina ba, sai ya ɗaga murya yadda za a ji a cikin gida, ya ce, “Hajiya, ki yi ma ɗiyarki magana. Marigayi ma'aikacinmu ne, kayan ga na ofis ne.”

Inna tana zaune a kan tabarmar makoki, kwana bakwai ba wanda ya ji muryarta sai a salla. Sai na ji takunta a bayana. Ta tsaya a ƙofar da ke tsakanin zaure da tsakar gida, ta dafa bango, ba ta ko dubi na'urar ba. Ta ce, “Alhaji, wanga aiki na Abdulƙadir ne. Ba shi fita gidan ga.”

Yaya, ta faɗi sunanka. A gaban maza, a gaban surukarta, a gabanmu. Zulfa ta toshe baki da mayafi. Baba Umaru, da ke tsugune a waje, ya sunkuyar da kai yana salati. Duk wanda ke wurin ɗan ƙasar nan ne, ya san abin da ya ji. Alhaji Abbas ya laluba takalmansa, ya ce Allah ya ba da haƙuri, suka fita. Inna ta koma kan tabarmarta, sai a lokacin ta yi kukan da ta riƙe tun ranar Laraba.

Washegari da hantsi na kunna na'urar, don aikin da ya wajaba a kaina shi ne in rubuta ranar rasuwa a gaban lamba ta ɗaya. Ban taɓa buɗe shafinka ba, ban ga dalili ba. Ga sunanka, ga na Baba, ga Jibiya, ga tabon ƙuna a gwiwa wanda ni na jawo maka shi da ruwan koko muna yara. A wurin wadda za a sanar ka rubuta Inna. A ƙasa kuma, inda kake ajiye ƙarin bayani, ka rubuta: “Ɗan fari ne. Ba za ta iya faɗin sunansa ba, kada a matsa mata.”

Ba wanda ya matsa mata, Yaya. Ita ta ga abin da ka bari ya kai a kira ka da sunanka a kansa. Ban goge abin da ka rubuta ba. Na dai ƙara layi ɗaya a ƙarƙashinsa, na sa kwanan wata, na ce ta faɗa, sau ɗaya.

Don haka masu jiran a ga bayan akwatin nan su daina jira. Na san za a dawo, wataƙila da takarda mai hatimi, wataƙila da lallashi. A zo. Ban rantse a masallacin tasha ba, amma na je wurin Baba Umaru da mutanensa na dafa abin da ka dafa, na maimaita abin da ka faɗa, kalma da kalma. Zulfa ta ce in ta fita takaba za ta zauna in koya mata, kuma na lura kanta ya fi nawa saurin ɗauka. Jiya an rubuta lamba ta ɗari shida da goma sha uku.

Ya Allah, ga bawanka Abdulƙadir ɗan marigayi Ahmadu ya zo maka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata masa kabarinsa, ka sanya haske a cikinsa. Ya ƙi haram a inda ba mai ganinsa sai kai, ka ba shi halal ɗin da ba ta ƙarewa. Yadda ya mayar da 'ya'yan mutane ga iyayensu, ka sada shi da Baba a Aljanna Firdausi, ka sada mu da su in tamu ta zo. Ka jiƙan Lawwali da aka sani da Dogo, ka jiƙan duk baƙon da aka rufe a ƙasar nan ba a san gidansu ba. Ka shiryi waɗanda suka yi masa dariya, ka shirye ni ni ma, ka rage mini zafin rai.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, Allah ya ba ki haƙurin da ya fi wanda kika yi shekara talatin da tara kina yi. Ga Zulfa, Allah ya dafa miki, ya raya Hauwa'u da Mariyamu a kan halin ubansu. Ga ƙannena, ga Faruk, ga Ahmadu mai walda, ga Baba Umaru da dukan 'yan dakon Magama na nan da na tsallake, Allah ya ba mu haƙurin rashi baki ɗaya.

Wanda kuma ɗansa ya zo dako bakin iyaka bai koma gida ba, ya tambayi gidan Inna a Jibiya, ya yi sallama a zaure bayan la'asar. Zai same ni. Ba sai ya faɗi suna ba.